Wayoyin Motar Lawal

'Ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a unguwa, wai Habu ne ya ture ni daga garejin da na kafa da hannuna, ya zo da na'ura ya kwashe mini masu kawo gyara. Ko da Sallar nan da kuka taru na ji ɗayanku ya faɗa, ban tanka ba ne saboda akwai baƙi. Ba haka aka yi ba. Labarin ma ba daga Habu ya fara ba, daga motar Lawal ya fara, mijin ƙanwata Rabi, wadda kuke kira Gwaggo.

A shekarar ne ciwon ƙodarta ya tsananta, har likita ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda a Katsina duk Litinin da Alhamis. Lawal direba ne, yana da wata tsohuwar mota ƙirar Japan da yake ɗaukar fasinja tsakanin Daura da Katsina. Ranar wanki ba ya ɗaukar kowa. Yakan shimfiɗa mata bargo a kujerar baya, ya sa matashi biyu, ta kwanta, domin idan an gama wankin nan ko zama ba ta iyawa, jiri ne da amai har gida. Ni ke duba wayoyin motar tun ranar da ya saye ta, don aikina ke nan, rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Wata rana cikin bazara suna dawowa, sun wuce Mashi kaɗan, sai robar lagireto ta fashe, ruwa ya tsiyaye. Lawal ya ga allurar zafi ta hau. Ya waiwaya ya ga matarsa kwance tana haki, ga rana, babu ko bishiya a kusa. Bai tsaya ba, ya lallaɓo motar har gari. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Amma da Isa makanike, maƙwabcina a gareji, ya buɗe injin washegari, kan injin ya tsage, ba ya gyaruwa.

Lawal ya tafi Kano ya yi ta yawo a kasuwar kayan mota, bai sami irin nasa ba. Abin da ya samu shi ne kan injin wata ƙanwar motar, wadda aka ƙera daga baya. Ramukan kusoshi duk sun yi daidai, mai kayan ya rantse masa zai zauna. Ya haɗo masa da ƙwaƙwalwar motar da aka ciro shi, wani ɗan akwatin ƙarfe da ke sarrafa injin, da guntayen wayoyi da aka datse da almakashi. Ita kaɗai ce irinta a shagon, kuma Lawal ba shi da halin neman wata ko da akwai. Isa ya ɗaura kan, ya zauna daram. Sannan ya kira ni, ya nuna mini soket biyu da ke lilo a gefe, babu inda za a cusa su a jikin tsohuwar motar.

"Malam Sani, nawa ya ƙare," in ji shi. "Wannan bibiti ne. Sauran naka ne."

Bari in yi muku bayani yadda za ku gane. Inji yana numfashi ta wasu ƙofofi da ake kira bawul, suna buɗewa iska da mai su shiga, su rufe. A tsohon inji lokacin buɗewar nan ɗaya ne, ko mota na tsaye ko tana gudu. Shi wannan sabon kan, da 'yan gareji ke kira bibiti, yana sauya lokacin gwargwadon yadda aka taka totur. Akwai sansa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda sandar da ke danna bawul ɗin take, akwai kuma wani ɗan famfon lantarki, solonoyid, wanda ƙwaƙwalwa ke buɗewa baƙin mai ya tura sandar gaba ko baya. Tsohuwar ƙwaƙwalwar motar Lawal ba ta san da wannan ba. Mun gwada tayar da injin da ita a haka. Ya tashi, amma yana rawa kamar mai zazzaɓi, idan an taka sai ya shaƙe, ya mutu. Wani direba da ke tsaye ya ce a ja wa solonoyid ɗin wuta kai tsaye daga makulli a huta. Na ce masa idan aka yi haka famfon zai zauna a buɗe kullum, motar ba za ta tsaya a silo ba, da an saki totur za ta mutu. Hanya ɗaya ce: a cire tsohuwar ƙwaƙwalwa, a sa sabuwar, a bi wayoyin motar ɗaya bayan ɗaya a kai kowacce ƙafarta a bakin sabuwar ƙwaƙwalwar, a kuma ja sababbi zuwa soket biyun nan. Idan ko waya mai ɗauke da wutar batir ta shiga ƙafar da ba tata ba, ƙwaƙwalwar ta ƙone ke nan, ba a ma jin ƙara, ɗan wari kawai za a ji.

Aikin bai fi ƙarfin sanina ba. Idona ne ya fara gazawa. Tun damina biyu kafin nan nake ganin kamar an shafa wa komai man shanu, fari ya koma ruwan ƙwai, launuka suna shiga juna. Tsofaffin motoci ba su dame ni ba, na san hanyar kowace waya da hannu, ko a rufe mini ido zan bi ta. Amma bakin sabuwar ƙwaƙwalwar nan wayoyi ne sirara cunkushe kamar gashin masara, kowacce da launinta da ɗan ratsin da ke bambanta ta da 'yar'uwarta. Na ciro su na fita da su rana, na kusanto da su har suna taɓa mini hanci. Na zaɓi wata da na tabbata shuɗiya ce, na feƙe bakinta, har na kamo ta zan murɗa da wadda na jawo daga solonoyid. Ban san abin da ya sa na tsaya ba. Na miƙa wa Lawal, wanda ke tsugune kusa da ni tun safe.

"Wace kala ce wannan?"

"Koriya ce mana, Yaya."

"Duba da kyau."

"Koriya ce, da ratsin fari."

Ni ko ratsin ban gani ba. Na ajiye filaya, na ce masa rana ta yi zafi, a bari sai gobe.

Wannan mako a motar haya aka kai Rabi wanki. Lawal ya biya mata kujera biyu, amma kun san motar haya, sai ta cika take tashi, kuma ba a kwanciya. Sun daɗe a tasha a Katsina suna jira bayan an gama mata. Da suka iso gida sai da aka ɗauko ta a hannu. Washegari da yamma muka je duba ta ni da mahaifiyarku. Tana kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya bushe, ga ruwan ma an ƙayyade mata wanda za ta sha. Ta kalle ni ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Yaya, motar fa?"

"Ana kai."

"Idan ba ta tashi ba kafin Alhamis, ni dai a bar ni a gida. Ba zan sake shiga waccan ba."

"Kada ki ƙara faɗar haka."

"Ba gardama nake ba, Yaya. Jikina ne ba zai ɗauka ba."

Duk wanda ke wurin ya san abin da tsallake wanki ke nufi. An taɓa tsallake mata sau ɗaya da injin asibitin ya lalace, ruwa ya taru mata a ƙirji, ta kwana biyu a zaune don ba ta iya numfashi a kwance. Muka taho gida. Muna shiga, mahaifiyarku ta ɗauko zane biyu daga igiya ta ɗaga mini.

"Malam, wanne ne shuɗi?"

Na dube su, na kasa bambantawa.

"Na daɗe da sani," ta ce. "Rannan ka ce in miƙo maka koriyar hula, na miƙo, ka ce ba ita ba ce. Ban yi magana ba don na ga kana aikinka lafiya. Amma wannan motar Rabi ce. Ka je wurin Habu."

"In je wurin yaron da na koya wa riƙe filaya?"

"Yaron nan yanzu yana da mata da 'ya'ya har da furfura a gemu. Kuma ai ba da faɗa kuka rabu ba."

"Ba faɗa ba ne. Idan ya zo gareji yana karanta mini kalar waya, kafin la'asar duk tasha ta ji idon Sani ya mutu. Wa zai sake kawo mini mota? Me za mu ci?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Ni dai na san wadda za a kai Katsina ranar Alhamis."

Habu ya yi shekaru a hannuna, na yaye shi da addu'a kamar yadda ake yi, ya tafi Kano ya ƙaro sanin motocin zamani, ya dawo ya kama wata 'yar rumfa a bakin hanyar Zango. Yana da na'urar da ake cusa wa mota ta faɗi ciwonta. Duk Sallah yana zuwa gaishe ni. Amma a sana'armu oga ba ya zuwa wurin yaronsa neman taimako, ko ba a faɗa ba kowa ya sani. Da safe na hau babur na nufi rumfarsa. Sau biyu ina wuce ta, in kai gaba in juyo. A karo na uku shi ya hango ni, ya taso da gudu ya riƙe mini babur, ya durƙusa ya gaishe ni. Na gaya masa komai a tsaye, ban ɓoye maganar idon ba. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Oga, to a jawo motar gidan Malam Lawal mu yi a can, mu biyu. Ba sai kowa ya gani ba."

Raina ya so haka ƙwarai. Amma kayan aikina suna gareji, Isa yana gareji, idan injin ya nuna wani abu shi za a nema, kuma jawo mota da neman wanda zai ja ta zai cinye mana rabin yini. Laraba ce.

"A gareji za a yi," na ce. "Ɗauko na'urarka."

Muka cire kan batir tukuna. Habu ya nemo zanen ƙafafun ƙwaƙwalwar a wayarsa ta hannu, ya zauna a kujerar gaba da tarin wayoyi a cinya, ni ina tsugune a bakin ƙofa da mitar gwada wuta da dalma. Shi zai nemo waya ya faɗi launinta da aikinta, ni in gwada ta da mita daga wannan baki zuwa wancan in tabbatar ita ce, sannan in haɗa, in like da dalma, in naɗe da baƙin salatif. Da farko a hankali yake magana, kusa da kunnena, don direbobi sun fara taruwa a inuwar dalbejiya suna kallonmu. Ga ƙarar guduma daga wajen masu gyaran jikin mota. Ya faɗi wata kala, na ji kamar ya ce baƙa, ashe fara ya ce. Mita ce ta nuna mini ba ita ba ce.

"Habu, ɗaga murya."

"Oga, mutane..."

"Na gan su. Ɗaga murya yadda zan ji."

Daga nan ya riƙa faɗa sosai. Ja mai ratsin baƙi, ta wutar makulli. Ruwan ƙasa, ta jikin mota. Rawaya, ta sansa. Ni kuma ina maimaitawa kafin in taɓa. Ina jin hirar da ake yi a gindin dalbejiya ta mutu, daga baya ta koma ƙus-ƙus. Ban ɗaga kai ba. Da muka zo kan koriyar nan mai ratsin fari, wadda na feƙe, Habu ya duba zanen ya duba ta, ya ce ta wutar batir ce, wadda ba ta yankewa ko an kashe mota. Bai tambaye ni wa ya feƙe ta ba. Na kai ta inda ya dace.

Wayoyin sansa sai da muka ja su ta nesa da na fulogi, don kada wutar fulogin ta rikita saƙon. Na solonoyid guda biyu muka ja su sababbi tun daga injin har cikin mota. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, gari ya yi duhu, ni kam na daina ganin komai sai inuwar hannuna. Lawal ya riƙe mana tocila. Iska tana kaɗa kwanon rumfa, ina ta addu'a a zuci kada ruwa ya sauko mu da bonet a buɗe. Bai sauko ba, ya wuce ta wajen Zango. Muka sake bin kowace waya daga farko, Habu na faɗa ina gwadawa, har muka kai ta ƙarshe. Na mayar da kan batir. Na sa hancina kusa da ƙwaƙwalwar, na ce wa Lawal ya murɗa makulli rabi, kada ya tayar. Na shaƙa, na sake shaƙa. Babu wari. Na ce ya tayar.

Injin ya tashi bugu ɗaya, ya zauna a silo lafiya lau. Lawal ya fara hamdala. Amma Habu yana kallon na'urarsa bai yi murmushi ba. Ya ce a taka totur. Aka taka. Ya girgiza kai.

"Ƙwaƙwalwa tana ba da umarni, Oga, amma sandar ba ta motsi."

Wata 'yar fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. Abin da ya zo mini shi ne na haɗa wata waya ba daidai ba, ko kuma ƙwaƙwalwar dama matacciya aka sayar wa Lawal, ga la'asar ta yi, Kano ta yi nisa. Muka kashe injin. Na ɗora yatsuna a kan solonoyid, Habu ya umarce shi da na'ura, na ji yana ɗan bugawa a ƙarƙashin yatsana, ƙyat, ƙyat. Wuta tana zuwa ke nan. Isa, wanda ya bar aikinsa ya zo ya tsaya a kanmu, ya ce in dai wuta na zuwa to mai ne ba ya zuwa. Ya ɗauko sifana ya kwance wata kusa a gefen kan injin, ya zaro wata 'yar rariya da ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Ta toshe da daskararren baƙin mai, tun na motar da aka ciro kan daga jikinta. Ya wanke ta da fetur ya hura, ya mayar. Aka sake tayarwa, Habu ya goge laifin daga ƙwaƙwalwa, aka taka. Na ji muryar injin ta sauya tun kafin ya yi magana, ta buɗe, ta yi kauri. Fitilar ba ta dawo ba.

Ranar Alhamis na ce da ni za a tafi. Na zauna gaba da jakar kayan aiki a ƙafata, Rabi tana kwance a baya. Tun daga Daura kunnena yana kan injin, hancina yana neman warin ƙuna. Duk ramin da muka faɗa sai in tuna wata mahaɗa, in ce ko dalmar ta kama sosai. Da muka zo wajen da robar ta fashe musu, Lawal ya rage gudu ba tare da ya sani ba, ya dubi allura, na dube shi. Rabi ta yi magana daga baya, idonta a rufe.

"Yaya, tun da muka taso ba ka ce komai ba. Lafiya motar?"

"Lafiya lau."

"To ku yi hira mana. Shirun nan naku ya fi ramukan nan damuna."

Muka isa kafin a kira sunanta. Motar nan ta ci gaba da kai ta da dawo da ita har ƙarshen damina ta gaba, lokacin da Allah ya karɓi abinsa. A gida ta rasu, a ɗakinta. Allah ya jiƙanta.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru. Labari ya zaga tasha. Ba wanda ya faɗa mini baƙar magana, sai dai direban da ya saba kawo mini mota ya riƙa ɗaga mini hannu daga nesa ya wuce. Masu tsofaffin motoci kaɗan suka rage, su ma ina lura da yadda suke tsayawa a kaina suna kallon hannuna. An yi mini aikin ido ɗaya bayan girbi, ya washe, ɗayan likita ya ce ba yanar ido ce kaɗai ba, jijiya ta taɓu. Da ido ɗaya zan iya lallaɓawa, amma na riga na ga kuskuren da na kusa yi a kan koriyar wayar nan, ban so in sake shi a kan motar kowa. Ni na aika aka kira Habu. Na ce ya bar 'yar rumfarsa ya dawo gareji, wurin ya fi faɗi, mutane sun san shi. Ya ƙi, ya ce mutane za su ce ya kori ogansa. Na ce za su faɗa, su gaji. Sai da na sa Isa ya sa baki sannan ya yarda, da sharaɗin da Habu ya kafa da kansa, cewa duk abin da ya shigo akwai rabon gidan nan a ciki. Tuwon da ƙananan cikinku suka ci suka gama makaranta, daga nan ya fito, kuma bai taɓa bari na tambaya ba.

Washegarin ranar da na ba shi makullin gareji, na dawo daga masallaci na shiga ɗaki na sa kayan aikina kamar kullum, rigar nan mai tabon mai, na fito da babur har zaure. Sai da na ɗora ƙafa zan tayar na tuna. Na tsaya riƙe da shi, ban san ko in mayar ko in fita ba. Mahaifiyarku ta leƙo daga tsakar gida, ta dube ni, ta dubi rigar. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini jaje ba.

"Tunda ka riga ka shirya," ta ce, "fitilar ɗakin girki ta yi wata ba ta kamawa. Kullum sai ka ce ba ka da lokaci."

Na jingine babur ɗin, na ce ta miƙo mini kujera in taka.